Daga raƙumi zuwa adaidaita: yadda baƙo ke yawo a birnin Kano

Da wuya ka samu gida a Tanut ko Belbeji da babu wanda ya taɓa zuwa Kano, ko ci-rani, ko fatauci, ko karatun allo. Amma tambayi yawancinmu me suka gani, sai ka ji Kantin Kwari da kasuwar Sabon Gari, shi ke nan. Birnin da kansa, mai ganuwa da ƙofofi, ta gefensa muke wucewa. Alhali kuwa hanyar shiga wannan birni tun da can ta ƙofar gidanmu ta bi.

A watan Janairu 1851 wasu Turawa uku da suka biyo ayarin gishiri na Abzinawa suka iso Damargu, suka rabu a Tagelel. Richardson ya nufi Damagaram, Overweg ya yi wajen Gobir da Maraɗi, shi kuwa Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya raɗa wa kansa suna Abdulkarim, ya bi ta Tasawa da Katsina, ya shiga Kano ranar 2 ga Fabrairu. Kusan mako uku ke nan, tafiyar da yau ba ta wuce kwana guda ko biyu a mota. An sauke shi a unguwar Dala, inda fataken Gadamas suke zaune, a zamanin Sarki Usman. Da ya so ganin gari, doki ya hau, da ɗan rakiya. Ya ƙiyasta mutanen birnin dubu 30, su kan ninka lokacin da ayari suka cika gari. Ya kuma lura cewa fili mai yawa cikin ganuwa gonaki ne, babu gidaje.

To a wancan zamani babu wani abin hawa na haya. Mai sarauta da attajiri su hau doki, kaya a ɗora wa jaki ko ɗan dako, sauran jama'a kuwa ƙafa. Shi ya sa lungunan cikin birni suke da matsi da lanƙwasa: faɗin jaki mai mangala aka auna, ba faɗin mota ba. Manyan ayari a waje suke yada zango, a Fagge, sannan a shiga da kaya kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya kafa. Har yau akwai unguwa cikin birni da ake kira Agadasawa. Sunan kaɗai ya isa ya gaya maka daga ina mutanenta suka fito, da kuma hanyar da suka biyo.

Abin da ya juya birnin shi ne jirgin ƙasa. Turawan Ingila sun ci Kano a Fabrairu 1903, layin dogo ya iso a 1911. Nan da nan kayan da a da ake kai wa Tarabulus a bayan raƙumi, watanni ana tafiya, suka koma bin teku. Fata da gashin jimina suka canza hanya, gyaɗa ta zama sarauniya. Wannan ya taɓa mu kai tsaye, don Damargu zango ce ta ayarin arewa, da geronmu ake guzuri. Su Kanawa sun samu tashar jirgi da kantuna, mu aka bar mu da kufan zango. A Kano ɗin ma tasha da kantunan Turawa da Sabon Gari duk a gabas da ganuwa aka yi su, sai hada-hada ta fita waje. Tun daga nan gari ya zama biyu, kuma tazarar da ke tsakani ita ce ta haifar da neman abin hawa: keke, sannan bas da tasi, sannan acaɓa, wato abin da mu muke kira kabu-kabu.

Acaɓa ta yi zamaninta. A 2005, lokacin gwamna Ibrahim Shekarau, aka fito da babur mai ƙafa uku, ruwan ɗorawa, don mata su daina hawa bayan ɗan acaɓa. Sunan shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin, A Daidaita Sahu, shi ya bi keken har ya maƙale masa. A Janairu 2013 ƴan bindiga suka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero hari, gwamnati ta hana acaɓa a cikin gari, sai adaidaita ta gaje fagen gaba ɗaya, maza da mata. Yanzu sunan ya tsallako iyaka, a Damagaram ma haka ake kiranta, kuma na tabbata yawancin masu faɗin sunan ba su san daga shirin tarbiyya ya samo asali ba. Ƙarfinta ya bayyana a farkon 2022, da direbobi suka yi yajin aiki kan kuɗin rajista: ɗalibai da ma'aikata da ƴan kasuwa duk suka koma ƙafa, kamar zamanin Barth.

Wanda ya sauka a tashar Ƙofar Ruwa, to ya riga ya iso bakin tarihi. Fara canza sefarka a Wapa, cikin Fagge, nan inda kakanninmu ke durƙusar da raƙuma. Adaidaita hawa biyu gare ta: ko ku haɗu da wasu kowa ya biya nasa, ko ka ɗauki shata kai kaɗai. Yi ciniki kafin ka hau, kuma ka kira sunan ƙofa ko kasuwa, ba sunan titi ba, don da ƙofofi Bakano ke kwatance. Ka ce Ƙofar Mata, a ajiye ka a karofin da ake rini da baba tun ɗaruruwan shekaru. Irin rinin ne ke zama turkuɗin da Buzayenmu ke naɗawa. Daga nan babban masallaci da Gidan Rumfa ba nisa, Gidan Makama kuma, inda aka adana kayan tarihi, yana daura da fada. Kada ka bari dare ya yi maka, don tun 2022 aka sa dokar hana adaidaita yawo daga ƙarfe goma na dare.

Amma a ganina kuskure ne ka zauna cikin keke har ƙarshe. Kurmi ba ta shiguwa sai da ƙafa, Dutsen Dala ma sai ka taka matakalarsa. Daga can sama za ka ga gonakin da Barth ya gani sun zama rufin kwano har iyakar ido. Ganuwar da aka ce Sarki Gijimasu ya fara tun kusan shekara 900 da suka wuce, a wurare da yawa ta zama tudun ƙasa, an ɗebi wani gefen an yi bulo, an gina shaguna a kan wani. Ƙofofi da dama an rushe su an sake su da siminti don mota ta samu hanya. Idan direba ya bi da kai ta Ƙofar Kabuga, inda sojan Ingila suka fasa suka shiga a 1903, ce masa ya ɗan tsaya, don in ba ka yi magana ba wucewa zai yi.