Kifin Da Jininsa Ba Ya Daskarewa: Waiwaye Daga Tsaunin Jos

Mu mazauna Jos mukan yi alfahari da sanyinmu. Idan hunturu ya kankama a watan Disamba, ko ƙanƙara ta zubo da damina ta kwantar da shuka a gona, sai mu ga kamar mun ƙure sanyin duniya. Amma akwai tekun da ruwansa ke zaune a digiri 1.9 ƙasa da sifiri, kuma kifaye na iyo a cikinsa lafiya lau, alhali jinin kifi yakan daskare tun kafin sanyi ya kai nan. Yaya aka yi suka tsira? Tarihin amsar wannan tambaya shi ne abin da muke son waiwaya.

A shekarun 1950 ne masanin nan Per Scholander ya nazarci kifayen gaɓar Labrador a Kanada, ya lura cewa akwai wani abu a jininsu da ke hana shi daskarewa, wanda gishirin jini kaɗai ba zai iya ba. Sai a 1969 Arthur DeVries, Ba'amurke mai bincike a McMurdo da ke Antatika, can ƙuryar kudancin duniya, ya bayyana cewa wani nau'in furotin ne. A 1977 shi da James Raymond suka fayyace yadda yake aiki.

Ƙanƙara takan faro ne da ɗan ƙwaya, ruwan da ke kewaye ya riƙa liƙe mata tana girma, har ta yi tsini ta huda ƙwayoyin halittar jiki, ta kuma tsotse ruwansu. Wannan furotin ba ya ɗumama jini, ba ya kuma narkar da ƙanƙarar. Manne mata yake yi tun tana ƙarama, ya tare wuraren da ruwa zai liƙe, sai girmanta ya tsaya. Hausawa dai sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Daga baya an sami irinsa a jikin ƙwari da tsirrai. A 1992 Marilyn Griffith ta gano shi a ganyen wani hatsi na ƙasashen sanyi, a 1998 kuma aka same shi a karas, irin wanda ake nomawa a nan tsaunin namu.

To, ina ruwanmu da kifin Antatika? Amsar tana Vom, kusa da mu, inda aka kafa cibiyar binciken cututtukan dabbobi a 1924 domin yaƙar bushiya, annobar da ta taɓa ƙarar da shanun Fulani. Duk mai adana allurar rigakafi, ko jini, ko maniyyin bijimi, yana fama da matsala guda: sanyin da ke kiyaye abu shi ne ke iya hallaka shi idan ƙanƙara ta girma a ciki. Saboda haka ne masana ke gwada waɗannan furotin wajen adana ƙwayoyin halitta da sassan jiki.

Kiranmu ga ɗalibai shi ne kada su raina ilimi don ya fito daga nesa. Tambayar da aka yi a bakin tekun ƙanƙara, wata rana amsarta na iya ceton garken makiyayi a Bokkos.