IYA RUWA FID DA KAI: TARIHIN ILMIN TUƘIN JIRGI A ƘASAR HAUSA

Gabatarwa

Idan aka ce ilmin tuƙin jirgin ruwa, da yawa daga cikinmu sai mu ɗauka zancen mutanen Ikko ne ko na Fatakwal. Mu mutanen Galadi da Shinkafi da Zurmi da Ƙaura Namoda, ina mu ina teku? Amma duk wanda ya taɓa tsayawa bakin Gagare ko Bunsuru a tsakiyar watan Agusta, ya ga yadda rairayin da ake takawa da ƙafa da rani ya zama ruwa mai cin mutum, ya san ba mu rabu da wannan ilmi ba. Waɗannan gulabe biyu su ne ke haɗuwa su zama Rima, ruwan Rima kuwa ya bi ta Sakkwato da Kabi ya faɗa Kwara, Kwara ta kai shi teku. Manufar wannan maƙala ita ce mu waiwayi yadda magabata suka koyi sarrafa ruwa, da abin da ya sami ilmin nasu.

Makarantar bakin gulbi

A gulabenmu na tudu, masu fito ne suka riƙe sana'ar. Da gora ko masaki suke ƙetarar da mutum da kayansa, inda ruwa ya yi faɗi kuma su sa kwalekwale. Can ƙasar Kabi da Yawuri kuwa akwai Sarkawa, masunta waɗanda ruwa ne gonarsu, a ƙarƙashin Sarkin Ruwa. Wasannin kabanci da ake yi a bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo siffarsa ta yanzu a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, ragowar gwajin ƙwarewa ne na mutanen ruwa.

Karatun nasu ba na allo ba ne, amma yana da matakai. Yaro kan fara da iyo, sannan kwarfe ruwa daga cikin jirgi, sannan a ba shi filafili, daga bisani sandar tuƙi. Sai ya daɗe kafin a yarda ya zauna a bayan jirgi, domin na baya shi ke da linzami. A tsawon wannan lokaci yana koyon karanta fuskar ruwa: inda ya yi duhu ya kwanta lumui akwai zurfi, inda yake 'yar rawa akwai tudun rairayi, inda yake juyawa akwai dutse ko kututture a ƙasa. Yana koyon cewa ba a ƙetare gulbi a miƙe, sai an hau sama a bar ruwa ya gangaro da jirgi zuwa mashigi. Yana kuma sanin makwancin dorina, da irin hadarin da ba a shiga ruwa in ya taso.

Da Turawa suka zo

Darajar wannan ilmi ta fito fili sa'ad da Turawa suka shiga neman inda Kwara ta ƙare. Mungo Park ya gangaro da jirginsa tun daga ƙasar Mali ta yau. Da ya iso Yawuri, jagoransa Amadi Fatuma ya sauka, don iyakar alkawarinsu ke nan. Bai yi nisa ba jirgin ya maƙale a duwatsun Busa, aka far masa, ya halaka a ruwa a farkon 1806. A 1824 Clapperton ya zo Sakkwato yana tambayar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello labarin wannan kogi, har aka zana masa taswira. Sai a 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka warware matsalar. Sun zauna Busa da Yawuri, suka nemi kwalekwale a hannun sarakunan yankin, suka gangara da taimakon matuƙan ƙasa har suka ga teku a watan Nuwamba. Littattafai sun riƙe sunayen 'yan'uwan nan biyu, amma matuƙan da suka kai su an manta da akasarinsu.

Bahaushe a kan teku

Ba a gulbi kaɗai muka tsaya ba. Alhazan ƙafa, waɗanda kan shafe shekaru a hanyar Cadi da Sudan, a Suwakin suke shiga jiragen katako masu tafiya da iska, su ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda, tafiyar kusan kilomita 300. Gaɓar wannan teku cike take da duwatsun murjani, saboda haka matuƙanta sun dogara da launin ruwa da alamun tudu da taurari. Irin wannan ilmi ne Ahmad bin Majid, shahararren matuƙin nan Balarabe, ya tattara a Kitabul Fawa'id wajen 1490.

Adabinmu ma ya ɗanɗana gishirin teku. Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da ya bi Barth zuwa Ingila a 1855, ya ba da labarin tafiyarsa da Hausa, Schön ya buga shi cikin Magana Hausa a 1885. Alhaji Abubakar Imam kuma ya je Ingila ta jirgin ruwa a 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi.

Mai koyon tuƙi a gaɓar teku a yau, kamar ɗaliban makarantar horar da ma'aikatan jiragen ruwa ta Oron, yana farawa da taswirar ruwa mai nuna zurfi, da kamfas, da jadawalin cikar teku da janyewarta, wadda a mafi yawan gaɓoɓi kan auku sau biyu a yini. Ana koya masa cewa mil ɗaya na teku mita 1,852 ne, kuma da dare jar fitila a hagun jirgi take, koriya a dama. In an lura, tambayoyin da ɗan Sarkawa ke amsawa da ido su ne wannan ke amsawa da takarda: ina nake, mene ne a ƙarƙashina, me iska za ta yi?

Inda igiya ta tsinke

A 1968 aka kammala madatsar Kainji. Tsohon garin Busa da duwatsunsa suka nutse, gulbi ya zama tafki mai igiyar ruwa, da itatuwa tsaye a ƙarƙashinsa. Ilmin da aka gada na gulbi ne, ruwan kuwa ya sauya hali. Sannan injin ya shigo, wanda duk ya iya tayar da shi ya zama matuƙi, ba tare da ya bi matakan nan na dā ba, bai kuma shiga makarantar zamani ba.

Sakamakon muna ganinsa. A watan Mayun 2021 jirgi ɗauke da mutane fiye da 150 ya nutse kusa da Warra a Jihar Kebbi, 'yan kaɗan suka tsira. A Nuwamban shekarar, jirgi ya kife a Bagwai ta Jihar Kano, aka rasa aƙalla mutum 29, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. A Satumban 2024 gomman manoma suka halaka a Gummi, nan Jihar Zamfara, a kan hanyarsu ta zuwa gona. Dalilan da ake ambatawa kusan iri ɗaya ne: lodin da ya wuce kima, tsohon jirgi, kututture a ruwa, da rashin rigar kariya. Hukumar NIWA, wadda aka kafa a 1997 da hedikwata a Lokoja, tana da dokoki a kan waɗannan, amma dokar da ba ta isa mashigin ƙauye ba, ba ta ceton kowa.

Kammalawa

A nan ne aikinmu na marubuta ya shigo. Tsofaffin masu fito suna ƙarewa, kowane ya tafi kuwa da sunayen mashigai da alamun ruwa yake tafiya. Mu je mu zauna da su, mu rubuta kalmominsu da ƙa'idojinsu. Mu kuma samar da ɗan littafi da Hausa, boko da ajami, wanda zai gaya wa matuƙi iyakar lodi, da lokacin da ba a shiga ruwa, da yadda ake ceton wanda ya nutse. Damina ba ta fasa zuwa, kuma manomi ba zai fasa ƙetarewa gonarsa ba. Allah Ya kiyashe mu da sharrin ruwa, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, amin.