Ciwon damuwa a tsakanin ɗaliban jami'a a zamanin annobar korona: abin da ya faru a arewacin Ghana

Ranar 12 ga Maris 2020 aka tabbatar da mutum biyu na farko da suka kamu da cutar korona a Ghana. Bayan kwana uku Shugaba Nana Akufo-Addo ya ba da umarnin rufe makarantu da jami'o'i daga 16 ga wata, ya kuma hana taruwa, har da sallar jam'i. 'Yan Salaga da Yendi da Bawku masu karatu a Jami'ar UDS ta Tamale, ko a Legon da Kumasi, suka tattara kaya suka dawo gida. 'Yan ajin ƙarshe sun koma a watan Yuni, sauran kuwa sai Janairun 2021.

Dokar kulle ta tsaya ne a Accra da Kumasi, ba ta iso arewa ba. Amma ɗalibin da ya dawo zango ya rasa abu biyu a lokaci guda: abokan karatu da sahun masallaci. Azumin shekarar ya zo ba tarawihi a jam'i, ba zaman tafsiri, idi ma a gida aka yi shi. Sai 5 ga Yuni aka buɗe masallatai, da sharaɗin kada a wuce mutum 100. Karatu ya koma ta Zoom da WhatsApp, alhali kuɗin data na da tsada, sabis kuma yana zuwa yana ɗaukewa. Ga aikin gona ko tsaron shago, domin a idon iyaye wanda ke gida hutu yake yi. A gidajen da suka dogara da fataucin kan iyaka, irin na Bawku, rufe iyakokin ƙasa ya taɓa kuɗin makarantar kansa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a Maris 2022 cewa ciwon damuwa da na fargaba sun ƙaru da kashi 25 cikin 100 a shekarar farko ta annobar, kuma matasa da mata ne abin ya fi shafa.

Ciwon damuwa ya bambanta da ɓacin rai na kwana biyu. Alamunsa su ne baƙin ciki mai ɗorewa mako biyu ko fiye, rashin barci ko yawansa, ƙin abinci, kasa riƙe karatu, janyewa daga mutane, da jin cewa rayuwa ba ta da amfani. Mai fargaba kuma yakan ji faɗuwar gaba da ƙuncin numfashi ba tare da dalili a fili ba. A gidajenmu akan ce lalaci ne, ko sammu, ko raunin imani. Wannan fassara ta ƙarshe ta fi cutarwa, domin tana sa yaro ya ɓoye halinsa don kunya. Addu'a da ruƙiyya ba sa hana ganin likita, kamar yadda ba sa hana shan maganin zazzaɓi.

Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati uku ne, Accra da Pantang da Ankaful, dukkansu a kudu. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012 ta nufi kawo kulawar kusa da jama'a, don haka a fara tambayar ma'aikacin jinya mai kula da wannan sashe a asibitin gunduma. Idan abin ya fi ƙarfinsa sai ya tura mutum Asibitin Koyarwa na Tamale. Jami'o'i ma suna da ofishin ba da shawara ga ɗalibai.

Wanda ya fara maganar kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, kada a yi masa faɗa, a kai shi asibiti a ranar. A 2023 majalisar dokokin Ghana ta cire yunƙurin kashe kai daga cikin laifuffuka, saboda haka iyali ba su da tsoron 'yan sanda in sun nemi taimako.