Littafi na Nan, Kaset Ya Ɓace: Makomar Muryoyin Tsofaffin Littattafan Koyon Harshe da Abin da Ya Rage wa Daura

Tsakanin 1962 da 1963 maɗaba'ar Jami'ar Yale ta buga Beginning Japanese, littafin koyon Japananci na Eleanor Jorden da Hamako Ito Chaplin. A 1963 ɗin nan kuma FSI, cibiyar horar da ma'aikatan jakadancin Amurka, ta fitar da Hausa Basic Course na Carleton Hodge da Ibrahim Umaru. Littattafan biyu tsatsonsu ɗaya, domin Jorden ta daɗe tana aiki a wannan cibiya, kuma hanyar koyarwar ba ta bambanta ba: ɗalibi ya saurari jimla, ya maimaita, a sauya masa kalma guda, ya sake maimaitawa, har bakinsa ya faɗa. Ke nan ainihin darasin yana cikin faifan murya, takardar rakiya kawai take yi. Yau wanda ya tsinci irin waɗannan littattafai a ɗakin karatu ko wajen masu sayar da tsofaffin littattafai, sau da yawa takardar kaɗai zai samu. Abin da wannan maƙala ke son kafawa shi ne cewa muryar da aka naɗa tushe ce mai zaman kanta, kuma ɓatanta ya fi alaƙa da dokar mallaka da sakacin adana fiye da rashin na'ura.

Hausa da Japananci sun yi tarayya a wani abu da ya sa rashin kaset ya fi yi musu illa. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma bambance dogon wasali da gajere. Kukan yaro da kukar da ake miya da ganyenta rubutunsu ɗaya, Bahaushe kuwa ba ya taɓa rikita su, saboda kunnensa ya riga idonsa sani. Haka rubutun Japananci na yau da kullum ba ya nuna inda murya ke hawa da inda take sauka. Masana sun yi dabarar ɗora alamomi a kan wasula, su Hodge da Jorden duk sun yi, amma alama tana tuna wa mutum abin da ya taɓa ji ne kurum. A ƙasar Hausa wannan ba baƙon zance ba ne. A tsangaya ba a yarda da karatun da almajiri ya haƙo wa kansa daga allo ba, sai malam ya biya masa ya ji da kunnensa, shi ma ya biya malam ya gyara. Turawan da suka ƙirƙiro darasin kaset sun zo ne sun tarar da ƙa'idar da gardawa suka daɗe a kanta.

To me ya sa muryoyin Hausa Basic Course suka tsira har ana sauke su kyauta a intanet? Dokar Amurka ce ta yi musu rana: abin da gwamnatin tarayyarsu ta wallafa ba shi da haƙƙin mallaka, don haka duk wanda ke da faifan yana da ikon kwafewa ya yaɗa. Littattafan da kamfanoni suka buga tare da kaset, irin Spoken Hausa na J. Ronayne Cowan da Russell Schuh na 1976, makomarsu tana hannun mai haƙƙi. In kamfani ya daina buga littafi, ko ya rufe, sai haƙƙin ya zama marayan da ba mai sayarwa, ba kuma mai ikon rabawa. Ɗakunan karatu su ma sun taimaka wajen ɓatan. Ana ba littafi lamba a jera shi a kanta, kaset kuwa a kai shi wani ofis a kulle a durowa. Ma'aikacin da ya san inda makulli yake ya yi ritaya, shi ke nan.

Sai kuma shi kansa kaset ɗin. Kamfanin Philips ne ya fito da shi a 1963, kuma ba a yi shi don ya shekara sittin a ɗaki mai rufin kwano ba. Zafi da laima suna sa zaren ya manne da juna, ɗan soson da ke danna zare a kan rikoda ya ɓalle, robar da ke juya na'urar ta narke ta zama kamar kwalta. Duk wanda ya taɓa zura biro yana naɗe zaren da rikoda ta cinye ya san yadda abin ke ƙarewa. A 2019 UNESCO da ƙungiyar ma'adanan sauti ta duniya, IASA, sun yi gargaɗin cewa wajen 2025 na'urorin kunna irin waɗannan faya-fayai da kayan gyaransu za su yi wuyar samu.

Za a iya cewa ai sai a naɗi sabuwar murya, tunda yanzu kowa na da waya. Ga mai son ya iya gaisuwa da ciniki, wannan amsa ta wadatar, kuma ba ni da ja a kanta. Ga mai nazarin harshe kuwa ba ta yi ba. Muryar da aka naɗa a 1963 shaida ce ta yadda ake furuci a lokacin, ba kuma wanda zai iya sake naɗo ta a yau.

A nan ne batun ya taɓa Daura ta fuska biyu. Ta farko, Daurawa masu koyon harsuna ne: Larabci a makarantun Islamiyya, inda littattafai irin Al-Arabiyyatu lin-Nashi'in suka zo daga Saudiyya tare da kaset, da Faransanci da maƙwabtaka da Nijar ta hanyar Kongolam ta sa ya zama abin bukata. Fuska ta biyu ta fi nauyi. Daidaitacciyar Hausa a kan Kananci aka gina ta, kuma shi ake koyar wa baƙi. Hausar Baka, darussan bidiyo da Schuh da Abdullahi Bature suka shirya a shekarun 1990, a Kano aka ɗauke su. Ɗalibin da ke Tokyo, inda Shuji Matsushita ya yi aikin shigar da ƙamus ɗin Hausa na Bargery na 1934 cikin kwamfuta, zai karanta cewa daga rijiyar Kusugu labarin Hausa Bakwai ya faro, amma da wuya ya ji yadda tsohuwa ke magana a Zango ko Ɓaure. Ko The Affairs of Daura na M. G. Smith, wanda ya fito a 1978, ya kawo wa mai karatu bayanan dattawan masarautar ne cikin Turanci.

Amma Dauranci ya shiga kaset, sai dai ba don koyarwa ba. Sarkin Daura Muhammadu Bashar ya yi sarauta daga 1966 zuwa 2007, wato zamanin kaset kusan gaba ɗayansa. A wannan tsakani an naɗi tafsirin azumi da wa'azi, kiɗan fada da kirarin maroƙa, hidimar Sallar Gani, har da saƙon murya da ake ba alhazai su kai wa 'yan uwa mazauna Makka. Waɗannan suna nan cikin akwatuna da buhuna a Daura da Mai'aduwa da Sandamu, wasu kuma a shagunan tsofaffin masu sayar da kaset da suka koma tura waƙoƙi a memori. Abin da masu shagunan suka kwafe zaɓin kasuwa ne, an matse sautinsa don ya shiga waya, babu sunan mai magana balle shekara.

Aikin da ya rage bai fi ƙarfin cibiyoyin da ke garin ba. Kwalejin Yusuf Bala Usman da ke Daura, tare da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina da majalisar masarauta, za su iya karɓar kaset aro daga masu shi, a kwafe ba tare da matse sauti ba, a rubuta wa ya yi magana, a ina, yaushe, a nemi izinin magada, a ajiye kwafi a wuri biyu, a mayar wa mai abu abinsa. Shirin ceto ma'adanai na British Library, wanda ke aiki tun 2004, ya taɓa ba da tallafi ga irin wannan. Duk wanda ke da rikoda mai aiki a ƙasar Daura, ko ya san mai gyaran da har yanzu yake iya sauya mata roba, to da shi ya kamata a fara, kuma a fara bana.