Inji na mutuwa, kwafi na rayuwa

A shekarar 1983 kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da injin wasan bidiyo mai suna Famicom, Sega ta biyo baya da Mega Drive a 1988, Sony kuma da PlayStation a 1994. An daɗe da daina ƙera su, waɗanda suka rage kuwa tsufa na cinye su.

Ceto ya zo ne daga hannun masu sha'awa. A 1997 wani ɗan Italiya, Nicola Salmoria, ya ƙirƙiro MAME, manhajar da ke kwaikwayon ƙwaƙwalwar tsofaffin injuna, har wasa ya gudana a kwamfutar gida. Sony ta kai kamfanin Connectix ƙara saboda kwaikwayon PlayStation, amma a 2000 kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta ba Connectix gaskiya, ko da yake wasannin kansu suna nan ƙarƙashin haƙƙin mallaka. Binciken Video Game History Foundation na 2023 ya nuna kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 sun ɓace daga kasuwa.

Wannan darasi ba baƙo ba ne a Damagaram, inda malamai suka raya littattafai ta hanyar kwafe su da alƙalami da tawada. Matashin Kara-Kara da ke buga tsohon wasa a wayarsa kwafi ne ya isar masa da shi. Kaset-kaset ɗin makaɗanmu da ke jibge cikin akwatuna su ma injinsu na ƙarewa. Ƙungiyoyin al'adu su kwafe su tun zafi da ƙura ba su gama da su ba.