Sukur: Dutsen da Duniya ta Sani, 'Yan Mubi Kuma Ba Su Hau Ba

A Kolere aka haife ni, cikin garin Mubi, amma sai da na zo Kudu neman abinci na san darajar Sukur. Wani ɗan Osogbo ne ya tambaye ni a kasuwa ko na taɓa hawa. Na ce a'a. Ya riƙe baki. Shi ya sa duk wanda ya tambaye ni ma'anar "yawon buɗe ido mai ɗorewa", wanda masu bincike a jami'o'i ke yawan ambata, da Sukur nake ba shi misali.

Sukur tana kan duwatsun Mandara, a ƙaramar hukumar Madagali ta jihar Adamawa, dab da iyakar Kamaru. Daga Mubi ana bi ta Michika da Gulak. A 1999 hukumar UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya, kuma ita ce ta farko a Najeriya. Kurmin Osun na Osogbo, wanda mu mazauna ƙasar Yarbawa muka fi sani, sai a 2005 ya shiga.

Abin da ake zuwa gani a can aikin hannun mutane ne. Akwai gidan sarkinsu, wanda suke kira Hidi, an gina shi da dutse. Akwai hanyoyin da aka shimfiɗe da faffaɗan duwatsu daga gindin dutse har sama, don mota ba ta hawa. Gonakinsu hawa-hawa ne, kowace an tare ta da jeren duwatsu kada ruwan sama ya kwashe ƙasa. Suna da rumbuna, da masussuka, da ramukan da ake turke sa a ciki har ya yi ƙiba. A da sun yi suna wajen narka tama, kuma ragowar murhunan na nan. Masu bincike biyu, Nicholas David da Judith Sterner, sun zauna da su a shekarun 1990 suna rubuta waɗannan abubuwa.

To, a nan maganar ɗorewa take. Kurmi ko kogi, in an bar shi zai zauna. Gonar kan dutse kuwa, in damina biyu ta wuce ba a gyara jeren duwatsunta ba, zubewa take yi. Gidan Hidi ma da aikin gayya ake gyara shi. Ke nan in samarin Sukur suka sauko suka taho Legas da Fatakwal kamar yadda muka taho, abin da baƙo zai je gani ya tafi tare da su. Don haka a ganina ma'aunin guda ne: cikin kuɗin da baƙo ya kashe, nawa ya kwana a kan dutsen? Mai rakiya ɗan garin ne? Abincin da aka ci, matar garin ce ta dafa? In direba daga Yola ya kwashi kuɗin, masauki a Yola ya kwashi saura, mutanen Sukur suka tashi da ɗaukar hoto, to ba a yi komai ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 2017 kan wannan batu na yawon buɗe ido da ci gaban mutanen wuri.

Akwai kuma abin da masu bincike ke kira wurin ziyara na zamani, wato inda baƙo zai ga hanya, ya kama masauki, ya biya, duk ta waya. Tarayyar Turai ta ba Helsinki da Lyon lambar farko a wannan fanni, ta shekarar 2019. Su can maganar manhajoji suke yi. Mu tamu ta fi sauƙi, ta kuma fi wuya: a samu sabis mai ƙarfi, a san lambar masu rakiya na gaskiya, a iya tura musu kuɗi kai tsaye ba ta hannun dillali ba. Mu da ke tura kuɗin shanu daga Kudu zuwa kasuwar Mubi ta waya, ai wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Sai dai tsaro ne gaba da komai. A ƙarshen Oktoban 2014 Boko Haram suka kama Mubi, mutanen Kolere suka watse, wasu ma a nan Kudu muka sauke su. A ƙarshen shekarar suka hau Sukur, suka ƙone gidaje, har da na Hidi. Mutanen sun koma sun sake gini, kuma a 2018 wata ƙungiyar kare kayan tarihi ta Amurka ta sa wurin cikin waɗanda ke buƙatar agaji. Har yanzu duk mai niyyar zuwa yankin Madagali ya fara tambayar mutanen gida halin da hanya take ciki kafin ya tashi.

Mubi na da Jami'ar Jihar Adamawa da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya. Ɗaliban da ke neman abin bincike ba sai sun leƙa Turai ba. A hau dutsen, a ƙirga baƙin da ke zuwa a shekara, a bi sawun kuɗinsu a ga aljihun da ya shiga. Ni dai in Allah ya kai mu babbar salla, na yi niyyar ɗaukar yarana biyu, mu kwana a Kolere, da asuba mu kama hanyar Gulak.