Tarihin Gano CCK, Sinadarin Ƙoshi na Hanji da Ƙwaƙwalwa

Kolesistokinin, wanda masana ke taƙaitawa da CCK, ɗan ƙaramin sinadari ne da hanjin ɗan Adam yake saki cikin jini da zarar abinci mai maiƙo ko nama ya baro tumbi. Umarnin ƙera shi yana rubuce a wata ƙwayar gado da ke kan kuromosom na 3, kuma ita ce dai ke aiki a ƙwaƙwalwa. Sai da aka shafe kusan shekara 60 kafin a gane haka.

Matsarmama ce ta fara tona asirinsa. Duk mahaucin da ke fiɗa a kasuwar Malumfashi ya san wannan 'yar jaka koriya da ke manne da hanta, ya kuma san yadda ake lallaɓa ta a cire, domin in ta fashe ɗaci ya ɓata nama. Ruwan da ke cikinta shi ke narkar da kitse. Abin da ya shige wa likitoci duhu shi ne yadda take sanin lokacin tsiyaye shi. A 1902, Bayliss da Starling sun nuna a Landan cewa hanji yana aika saƙo ta jini, ba ta jijiya kaɗai ba. A kan wannan turba Ivy da Oldberg na Jami'ar Northwestern a Amurka suka tatso wani ruwa daga fatar cikin hanji a 1928, suka yi wa karnuka allurarsa, sai ga matsarmama tana matsewa. Su ne suka raɗa masa suna.

A 1943, Harper da Raper a Ingila suka ba da rahoton wani sinadari da ke sa fankiriyas, gaɓar da ke bayan tumbi, ta zubo ruwan narkar da abinci. Fiye da shekara 20 ana ɗaukar wannan sinadari da CCK abu biyu, har Jorpes da Mutt na Cibiyar Karolinska a Suwidin suka tace tarin hanjin alade, suka tabbatar a wajajen 1966 cewa abu ɗaya ne, sarƙa mai amino asid 33. Aiki ne na haƙuri wanda ya cancanci yabo, don abin da ake samu daga tulin hanji bai taka kara ya karya ba.

Daga nan labarin ya sauya alkibla. A 1973, Gibbs da Young da Smith na Jami'ar Cornell suka yi wa ɓeraye allurar CCK, ɓerayen suka rage ci. Ashe bayan matse matsarmama, sinadarin yana jinkirta fitar abinci daga tumbi, yana kuma taɓa babbar jijiyar da ta haɗa ciki da ƙwaƙwalwa, ita kuwa ta isar da saƙon ƙoshi. Wannan na cikin dalilan da manomin da ya karya da ɗumamen tuwon masara da man shanu, ko koko da ƙosai, yake daɗewa a gona fiye da wanda ya sha koko zalla. Shekara biyu bayan gwajin ɓerayen, Vanderhaeghen a Beljiyam ya tarar da makamancinsa a cikin ƙwaƙwalwa kanta, Dockray da Rehfeld suka tabbatar CCK ne.

A tsakiyar shekarun 1980 aka karanta ƙwayar gadon ta mutum. Doguwar sarƙa mai amino asid 115 take fitarwa, kowace gaɓa ta yanka daidai buƙatarta: hanji yakan saki dogaye irin masu 58 da 33 da 22, ƙwaƙwalwa kuwa ta fi amfani da mai 8. Makarɓan CCK, wato wuraren da yake maƙalewa a jiki don isar da saƙonsa, iri biyu ne, CCK1 da ya fi yawa a ciki, da CCK2 da ya mamaye ƙwaƙwalwa. Masu bincike a Kanada sun nuna cewa allurar guntunsa mai amino asid 4 tana jefa mutum cikin firgici na ɗan lokaci.

A yau likitoci suna amfani da mai 8 ɗin da aka haɗa a masana'anta wajen gwada ƙarfin matsarmama. Magungunan rage ƙiba da aka gina a kan CCK1 kuwa ba su ba da sakamakon da aka sa rai ba a gwajin da aka yi kan mutane.